Lambobin da ke ƙirjin babban hafsan sojan ruwa: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya zauna a Ojo ko Apapa ya saba ganin sojojin ruwa cikin farin kakinsu, ƙirji cike da ƙananan ƙyallaye masu launi-launi. Ni a gefen Navy Town, barikin sojojin ruwa da ke Ojo, na tashi. Mahaifina sojan ruwa ne har ya yi ritaya, ko da yake bai kai matakin hafsa ba. Tun bayan rasuwarsa 'yan uwanmu Hausawan Legas suke nemana idan za a buga katin gayyata, ko za a rubuta tarihin wani hafsa ɗan Arewa da ƙungiya ke son karramawa, ko za a gabatar da shi a gaban taro. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne daga Agege har Idi-Araba, shi ya sa na tattara su wuri guda. Lambobin nan rubutu ne da ake karantawa, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Mene ne bambancin muƙami da lambar yabo?

Muƙami shi ne matakin da mutum yake a kai yau, shi ke nuna wa zai ba shi umarni, wa kuma zai sara masa. A wurin hafsan sojan ruwa ana ganinsa a kafaɗa ko a bakin hannun riga, zobba ne na zaren zinariya. Laftanar biyu gare shi, Kwamanda uku, Kyaftin huɗu. Kwamado zobe ɗaya ne mai fāɗi, Riya Admiral mai fāɗin da siriri ɗaya a samansa, Bayis Admiral da biyu, cikakken Admiral da uku. Lambar yabo kuwa a ƙirji take, bangaren hagu, kuma labarin abin da ya wuce take bayarwa: shekarun da aka yi, wuraren da aka je, aikin da aka yaba.

Akwai kuskuren da mutanenmu ke yawan yi a nan. Kyaftin na sojan ruwa ba daidai yake da Kyaftin na sojan ƙasa ba, tsaran Kanar ne. Kwamado tsaran Birgediya Janar ne, Riya Admiral na Manjo Janar, Bayis Admiral na Laftanar Janar. Na ga taron da aka zaunar da Kyaftin ɗin ruwa a bayan Manjo saboda masu shirya kujeru sun ɗauka ƙaramin hafsa ne. Bai ce komai ba, amma yaransa da suka rako shi sun ji abin a ransu.

Me ya sa wani lokaci ƙyallaye kawai ake gani, wani lokaci kuma ƙarafa na reto?

Abu ɗaya ne aka saka ta fuska biyu. Kowace minda, wato ƙarfen nan da ake ratayawa, tana da ƙyallenta mai launin da ba na kowa ba. Ranar babban fareti ko wani biki na ƙasa, ana fito da mindar cikakkiya. A ranakun aiki sai a yanko ɗan guntun ƙyallen a jera shi a saman aljihun hagu, domin ba wanda zai hau tsanin jirgi ƙarafa suna kaɗawa a ƙirjinsa. Akwai kuma ƙananan mindodi, kwatankwacin manyan, da ake sakawa a liyafar dare ta hafsoshi.

Jerin yana da ƙa'ida. Wadda ta fi daraja ita ke sahun sama, ta ɓangaren da ya fi kusa da tsakiyar ƙirji, sauran su biyo ta. Telolin bariki da suka daɗe a harkar sun haddace tsarin. Na taɓa zama a shagon wani dattijo daga cikinsu a Apapa, ya shimfiɗa ƙyallaye a kan tebur yana jera su da bakin almakashi, yana faɗa mini inda mai rigar ya yi aiki tun daga Laberiya, alhali bai taɓa ganin fuskarsa ba, yaronsa ne ya kawo ɗinkin.

Haruffan da ake jerawa bayan sunan hafsa fa, duk lambobin yabo ne?

A'a, kuma nan ne ruɗanin ya fi yawa. Gida huɗu suke. Na farko lambar girmamawa ta ƙasa, irin su CFR da OFR. Na biyu lambobin soja, irin su AM, GSS da DSS. Na uku shaidar kwasa-kwasan soja, irin su psc da fdc, waɗanda ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe. Na huɗu digirin jami'a da shaidar zama ɗan wata ƙungiyar ƙwararru.

A ɗauki misalin Bayis Admiral Awwal Zubairu Gambo, ɗan Kano, wanda ya riƙe muƙamin Babban Hafsan Sojojin Ruwa daga 2021 zuwa 2023. Bayan sunansa za ka ga CFR, sannan AM, sannan GSS, sannan psc. Ta farko ƙasa ce ta ba shi, biyun tsakiya na soja ne, ta ƙarshe kuwa makaranta ce. Gidaje ukun farko kowanne yana da amsarsa a ƙasa.

Mene ne FSS, MSS, DSS da GSS?

Waɗannan taurari huɗu su ne ƙashin bayan ƙirjin kowane babban hafsa a Najeriya, na ƙasa ne, na ruwa ne, ko na sama. Hawa-hawa suke kamar matakalar bene. Ana farawa da FSS, wato Forces Service Star, sai MSS, Meritorious Service Star, sai DSS, Distinguished Service Star, sai ta ƙoli GSS, Grand Service Star, wadda a wasu jaridu za ka ga an rubuta General a maimakon Grand. Abin da ake dubawa shi ne tsawon shekarun aiki da tsabtar fayil. Hafsa yana tsufa a cikin kaki yana hawa muƙami, taurarin suna biyo shi. Shi ya sa GSS sai a wurin manya na can sama ake ganinta. A rubuce kuma, galibi mafi girman da mutum ya samu ake sakawa bayan suna, ba a jera su duka huɗun.

Wasu sukan raina su, su ce ai lambar daɗewa ce kawai. Ban yarda da wannan raini ba. A yi shekara ashirin da wani abu ana yi maka canjin wurin aiki daga Legas zuwa Kalaba, daga Kalaba zuwa Warri, 'ya'yanka suna canja makaranta, ana haihuwa a gidanka kana tsakiyar teku, kuɗin gwamnati da man jirgi suna bi ta hannunka, kuma ba a taɓa gurfanar da kai gaban kotun soja ba: wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a san me tauraron ke faɗa. Shaidar juriya ce da riƙon amana, ba shaidar cewa an yi wata bajinta a fagen daga ba. Wannan tana da nata lambobin, duba amsar da ta yi magana a kan wadda ta fi daraja.

Sannan DSS ɗin nan ba ta da wata alaƙa da hukumar tsaro ta farin kaya. Haruffan ne suka zo ɗaya. An sha tambayata ko hafsan ya taɓa aiki da su ne.

AM fa, da ba a cika ganinta ba?

Admiralty Medal ke nan, lamba ce ta sojojin ruwa su kaɗai, kuma a wurin shugabannin rundunar aka fi ganinta. Ibok-Ete Ibas, wanda ya shugabanci rundunar daga 2015 zuwa 2021, yana da ita, haka Gambo, haka Emmanuel Ogalla da ya gaje shi a 2023. Takwararta a wurin sojan ƙasa ita ce NAM, a wurin sojan sama kuma DFS. Idan ka gan ta, gabanin GSS ake rubuta ta.

Su psc, fdc da mni, me suke nufi?

Makaranta ce, ba minda ba. Mai psc ya kammala babban kwas a Kwalejin Horar da Manyan Hafsoshi da ke Jaji a jihar Kaduna, wadda aka kafa a 1976. In ka ga an ƙara wata alama mai kama da alamar tarawa a gaban haruffan, to bayan ya gama ya koma ya koyar a can, kuma wannan abin alfahari ne a tsakaninsu, don ba kowa ake kira ya koyar ba. Mai fdc ya halarci Kwalejin Tsaro ta Ƙasa. A nan Legas aka buɗe ta a 1992 da sunan Kwalejin Yaƙi ta Ƙasa, daga baya ta koma Abuja, aka sauya mata suna a 2007. Wannan ne dalilin da tsofaffin hafsoshi ke rubuta fwc, na baya kuma fdc, alhali makarantar ɗaya ce. Mai mni kuwa ya je Kuru, kusa da Jos, cibiyar nazarin manufofi da dabarun mulki da aka kafa a 1979, inda soja ke zama aji ɗaya da manyan ma'aikatan gwamnati da 'yan sanda. Wanda ya yi irin wannan kwas a waje yakan saka haruffan makarantar tare da sunan ƙasar.

Kada a ɗauke su da wasa don ba sa reto a ƙirji. A aikin soja waɗannan kwasa-kwasan ne ƙofar ƙarin girma. Hafsan da bai bi ta Jaji ba, tafiyarsa ba ta nisa.

Lambar girmamawa ta ƙasa, wa ke bayar da ita, kuma yaya matakanta suke?

Shugaban ƙasa ne ke bayarwa, bisa dokar lambobin girmamawa ta 1964. Layi biyu ne, na Tarayya da na Neja, kowanne da hawa huɗu. Na Tarayya daga sama: GCFR, CFR, OFR, MFR. Na Neja: GCON, CON, OON, MON. GCFR ta shugabannin ƙasa ce a al'ada, GCON kuma ta mataimakansu da masu irin wannan matsayi. Wannan ne ya sa Augustus Aikhomu, mataimakin Janar Babangida, da Mike Akhigbe, na biyu a gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar, duka sojojin ruwa, suke da GCON. Shugabannin rundunoni kuwa CFR aka fi ba su, kamar yadda aka yi a watan Oktoba na 2022 lokacin da Shugaba Buhari ya ba hafsoshin tsaro na lokacin.

Waɗannan ba na soja kaɗai ba ne, sarakuna da malamai da 'yan kasuwa da 'yan wasa duk suna samu. Sakawarsu ma daban take: mai matakin Kwamanda, wato CFR ko CON, a wuya yake rataya tasa, mai babban matakin kuma da ɗamara mai fāɗi da ke ratsa ƙirji daga kafaɗa. Tun da ƙasa ce ta bayar, ita ke fara zuwa bayan suna, kafin duk wata lambar soja.

Yaya ake gane cewa hafsa ya je fagen daga?

Ta lambobin aiki na musamman. Kowane babban yaƙi ko aikin kiyaye zaman lafiya yana da mindarsa, kuma wanda ya yi adadin kwanakin da aka gindaya a wurin ne ke samu. Na Majalisar Ɗinkin Duniya, alal misali, galibi kwana 90 ne. Su ne ɓangaren da na fi son karantawa a ƙirjin mutum, domin tarihin rundunar ne a dunƙule.

Rundunar ta samo asali a 1956, ta zama Rundunar Sojojin Ruwa ta Najeriya da sunan da muka sani a 1963 da ƙasar ta zama jamhuriya, kuma Joseph Wey ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta, a 1964. Ba a jima ba yaƙin basasa ya ɓarke. Jiragen da suka tashi daga Legas ne suka sauke dakaru a Bonny a watan Yuli na 1967, sannan a Kalaba a watan Oktoba na shekarar, suka kuma tsare gaɓar teku har ƙarshen yaƙin a Janairun 1970. Masu mindar wancan yaƙi yanzu dattawa ne tukuf, sai dai ka gan su ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Waɗanda suka biyo su kuwa mindar ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ce tasu. A watan Agusta na 1990 jiragen ruwan Najeriya, ciki har da NNS Ambe, suka kai dakarun Afirka ta Yamma tashar Monrobiya ana ta harbe-harbe, daga baya aikin ya kai Saliyo. Mahaifina yana cikin waɗanda suka yi zirga-zirgar nan, kuma duk cikin lambobinsa ita kaɗai yake ɗagawa ya yi shiru kafin ya mayar. Na baya-bayan nan akwai aikin Gambiya a Janairun 2017, inda aka tura NNS Unity lokacin da Yahya Jammeh ya ƙi sauka daga mulki.

A cikin gida ma akwai: ayyukan yankin Neja Delta na yaƙi da ɓarayin ɗanyen mai da 'yan fashin teku, da na Arewa maso Gabas. Mu na Legas ba mu manta da samamen da aka kai wa masu fasa bututun mai a lungunan ruwan Arepo da Ikorodu a 2016 ba, wanda aka raɗa wa suna da Hausa, Awatse.

To me ya kai sojan ruwa Borno har ya samu lambar can?

Tafkin Chadi. Rundunar tana da sansani a Baga, kuma dakarunta na musamman da ake kira SBS, waɗanda mazauninsu ke nan Ojo, sun yi aiki tare da sojan ƙasa a yaƙin Boko Haram. Ban da haka, rundunar haɗin gwiwa tana ɗaukar hafsoshi daga ɓangarorin uku, a ba su aikin tsare-tsare, leƙen asiri, sufuri ko asibiti. Saboda haka ganin mindar Lafiya Dole, wato sunan aikin yaƙi da Boko Haram, ko ta Haɗin Kai da aka sauya wa aikin suna a 2021, a kan farin kaki ba abin mamaki ba ne.

Akwai waɗanda kusan kowa ke da su. Su kuma na mene ne?

Na tunawa da ranakun ƙasa ne. An buga ta samun 'yancin kai a 1960, ta cika shekara 25 a 1985, ta cika shekara 50 a 2010, da ta cika shekara 100 da haɗe Arewa da Kudu a 2014. Wanda ke cikin aiki a lokacin, ya kuma cika sharuɗɗa, yana samu. Amfaninsu ga mai karatu shi ne sanin zamanin mutum: mai ta 1985 da ta 2010 a jere ya yi aƙalla shekara 25 a cikin kaki.

A cikinsu duka, wacce ta fi daraja?

A tsarin jeri, lambar girmamawa ta ƙasa ce a gaba, kamar yadda aka yi bayani a sama. A idon soja kuwa, lambar jarumta ce. Najeriya tana da irinsu, kamar Tauraron Najeriya, Tauraron Kogin Neja da Tauraron Kogin Binuwai, waɗanda ake bayarwa saboda wani aiki takamaimai da mutum ya yi yana sane da cewa ransa na iya tafiya. Ba a samunsu da daɗewa, ba a samunsu da muƙami, shi ya sa suke da wuyar gani. Ƙirji mai sahu biyar ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ba abu ne da aka saba, kuma ba aibi ba ne.

Idan ra'ayina ake tambaya game da hafsan ruwa musamman, akwai wani ɗan bajo da nake fara nema kafin in ƙirga ƙyallaye, shi ne na jagorancin jirgi a teku, wanda suke kira Command at Sea. Ma'anarsa an taɓa damƙa wa mutumin jirgin yaƙi sukutum da rayukan da ke cikinsa, ya fita da su ya dawo da su. A teku babu wanda kwamanda zai juya ya tambaya da tsakar dare in injin ya tsaya ko igiyar ruwa ta tashi. Wanda ya riƙe jirgi irin NNS Aradu, da aka ƙera a Jamus ya shiga aiki a 1982, ko NNS Thunder da aka karɓo daga Amurka a 2011, abokan aikinsa ba sa bukatar a karanta musu sauran haruffansa. Amma a yi adalci: injiniyoyi da likitoci da hafsoshin kuɗi da kayan aiki hanyarsu ba ta bi ta kujerar kwamandan jirgi, don haka rashin bajon a wurinsu ba gazawa ba ce.

Za mu karrama wani hafsa a taronmu. Yaya za mu rubuta sunansa, yaya kuma za a kira shi?

Ku nemi ofishinsa ko shi kansa ya ba ku yadda yake rubutawa, ku kwafa harafi da harafi. Kada ku ɗauko daga Facebook ko tsohuwar jarida, domin mai DSS bara yana iya zama mai GSS bana. Tsarin dai shi ne muƙami, suna, lambar ƙasa, lambobin soja, kwasa-kwasai da ƙananan baƙaƙe, sannan digiri. In ya bar aiki a ƙara cewa mai ritaya ne. Sarautar gargajiya, in yana da ita, a ba ta layinta daban a ƙarƙashin sunan.

A baki kuwa, ba sai sanƙira ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya ba. Hakan na gajiyar da jama'a, kuma nan ake yin tuntuɓe. Ya ambaci muƙami da suna da lambar ƙasa in akwai, sannan ya faɗa wa mutane da Hausa abin da sauran ke nufi: ya yi shekara kaza yana aiki, ya riƙe jirgi kaza, ya je Laberiya, ya koyar a Jaji. Dattawan da ke zaune za su fi gane girman baƙon ta haka. In an zo gaisawa, "ranka ya daɗe" ko "yallaɓai" sun wadatar. Farar hula ba ya sara wa soja.

Lambobin suna zuwa da kuɗi ne?

Albashi da garatuti da fansho muƙami suke bi da shekarun aiki, ba yawan mindodi ba. Gwamnati takan haɗa lambar ƙasa da kyautar gida ko kuɗi a wasu lokuta, kamar yadda ake yi wa 'yan wasa, amma wannan kyauta ce daban da aka ga damar yi. Amfanin lambobin a fakaice yake: fayil mai kyau na taimakawa wurin ƙarin girma, ƙarin girma kuma shi ke ɗaga fansho. Ina faɗar wannan ne saboda iyalan da ke zuwa da tunanin akwai wasu haƙƙoƙi da ke maƙale da kowace minda, har wani ɗan damfara ya karɓi kuɗinsu da sunan zai fito musu da su.

Ana iya ƙwace lamba? Wanda kuma ya saka wadda ba tasa ba fa?

Ana iyawa. Dokar 1964 ta ba shugaban ƙasa ikon janye lambar girmamawa daga wanda ya zubar da mutuncinta, kuma hukuncin kotun soja na iya raba mutum da muƙaminsa da abin da ke tare da shi. Saka kakin soja ko lambar da ba a ba ka ba kuwa laifi ne a doka. Sojan gona ba baƙon abu ba ne a Legas, kuma abin da ke tona asirinsu sau da yawa shi ne jerin ƙyallayen: saurayi ɗan shekara talatin da mindar yaƙin basasa, ko GSS a ƙirjin Laftanar. Wanda ya karanta amsoshin da ke sama zai gane irin wannan da kallo ɗaya.

Shin saka su ba ya shiga riya?

Wani malamin Islamiyya a Agege ne ya fara yi mini wannan tambaya, kuma da gaske yake. Abin da na ce masa shi ne, soja mai aiki ba shi da zaɓi, lambobin ɓangare ne na kaki, in ya fito fareti babu su ya saɓa doka. Abin da ke zuciya kuwa, kowane aiki yana tare da niyyarsa, kuma hukuncin wannan na malamai ne. Abin da na gani da idona dai, waɗanda suka fi shan wuya a kan lambobinsu su ne suka fi ƙarancin maganarsu.

Bayan ritaya, ko bayan rasuwa, ina lambobin ke zuwa?

Nasa ne, yana tafiya da su gida. Manyan hafsoshin ruwa ana yi musu faretin bankwana, a sa su a mota abokan aiki su ja ta da igiya har bakin ƙofa, kuma ranar ce ta ƙarshe da za a gan su da cikakkun lambobi a matsayin masu aiki. Bayan haka sukan saka su a kan kayan gida ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ko in rundunar ta gayyace su biki. In ya rasu, Musulmi likkafaninsa kaɗai yake tafiya da shi. Tutar da aka lulluɓa da lambobin magada ake miƙa wa. Shawarata ga 'ya'ya ita ce su adana, kada su saka, don na mahaifinsu ne shi kaɗai.

Adanawar ce ke bukatar kula a garin nan. Wata Hajiya a Ojo, mijinta ya rasu da shekara uku, ta kira ni in duba mata nasa. Ta fito da su daga gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado. Danshin Legas da iskar gishiri sun riga sun yi aikinsu: ƙarafan sun yi kore, ƙyallayen sun yi funfuna sun manne da juna, takardun shaidar da ke ƙasa sun jiƙe har tawada ta bazu. Ta ce, "Ɗana, ka ga abin da ya rage na shekara talatin da biyu." Mun ceto mindodin, amma takarda biyu sun tafi. Don haka a raba ƙarfe da takarda. A goge minda da busasshen ƙyalle mai laushi, kada a sa mata toka ko ruwan batir ko man goge ƙarfe mai kaifi, don yana cinye rubutun da ke jiki. A naɗe kowace daban, a sa a akwatin da iska ba ta shiga tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a ɗora a sama nesa da ƙasa saboda ambaliya. Takardun kuma a ɗauki hotonsu da waya, a tura wa 'yan uwa biyu ko uku a gida Arewa.

In minda ta ɓace ko ta lalace, ana samun wata?

Ƙyalle ba matsala ba ne, telolin bariki suna sabunta shi. Ƙarfen ma ana samun madadinsa, amma ta hannun rundunar ya kamata a bi, ba kasuwa ba. Abin da ke tabbatar da cewa mutum ya cancanci lamba shi ne fayil ɗinsa da takardar shaida, shi ya sa amsar da ta gabata ta nace a kan takardu. Mai ritaya ko magajinsa ya rubuta takarda da cikakken suna da lambar aiki da muƙamin ƙarshe, ya haɗa da kwafin takardar sallama. A Legas ana iya farawa daga hedikwatar Rundunar Yamma da ke Apapa, ko a nemi jagora a ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, su nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Kada a ba kowa asalin takarda, kwafi kawai.

A ina mutum zai ga waɗannan lambobi da idonsa a Legas?

Lokaci biyu ne mafi sauƙi. Na farko 15 ga Janairu, wurin ajiye furanni a dandalin Tafawa Balewa, inda masu aiki da tsofaffin sojoji ke haɗuwa, ka ga mindar 1960 da ta Haɗin Kai a fili ɗaya. Na biyu makon sojojin ruwa, wanda ke zagayowa a ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni don tunawa da kafa rundunar, lokacin da akan buɗe wasu jirage a Apapa ga 'yan makaranta da sauran jama'a. A je da katin shaida, a nemi izini kafin a ɗaga waya don hoto. In kuma ka samu wani dattijo a gefe da mindodinsa a kan babbar riga, ka gaishe shi da ladabi ka tambaye shi wacce ce ta Laberiya.